Inna, Na Samo Dawarki a Surko

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mana, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarsa. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma labarin nan ke ya kamata in fara faɗa wa.

Kin tuna dawarki mai ƙamshi, wadda kike shukawa a bayan gidanmu a Zandam? Kowace kaka sai kin zaɓi zangarniyar da ta fi kyau kin rataye a madafa don iri. Shekarar da kika rasu hankalin kowa ya tashi, ba wanda ya waiwaye ta. Da damina ta zo muka sauko da ita, ashe ƙwari sun cinye, sai gari. Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, ya ce, "Shi ke nan, ta tafi da abarta."

Yanzu ina aiki a Birnin Kudu da wata ƙungiya mai tattara bayanan irin shuka na gargajiya. Ma'aikatanmu suna shiga ƙauyuka su tambayi manoma, mu kuma mu shigar a kwamfuta. Kowane iri muna haɗa shi da mai shuka shi, da garinsa, da wanda ya ba shi, kamar yadda kike warware mana dangantaka in an yi baƙo.

Na sha rubuta "mai ƙamshi" in nema, kwamfuta ta ce babu. Har na haƙura. Sai ran nan Malama Rabi, wadda muke tebur ɗaya, ta ga na yi tagumi, na ba ta labari. Ta ce, "Binta, abin da kika rubuta shi kaɗai take nema. Wani da k ya rubuta ƙamshin nan, wani da q. Cire harafin farkon, ki sa tauraro gaba da baya." Tauraron 'yar alama ce, Inna, ma'anarta duk abin da ya zo a gurbin nan a kawo shi. Na rubuta "amshi" tsakanin taurari biyu.

Sai ga sunaye sun zubo, har da shinkafa da wake. Na ce a bar mini dawa kaɗai. Guda ɗaya ta rage, an rubuta ta "Qamshin Hauwa". Mai shukawa wata tsohuwa ce a Surko, kuma daga hannun wata 'yar Zandam ta samo.

Sunanki ne, Inna. Kasa zama na yi a ofis.

Ranar Asabar na hau mashin na tafi. Na tarar da ita tana sheƙa a tsakar gida, Iya Talatu ake ce mata. Ta ce a asibiti kuka haɗu kuna jinyar yara, gado kusa da gado. Ta yi miki kukan fari ya kashe mata iri, ke kuwa da kika koma gida kika aiko mata da shi ƙulle a tsumma. "Ban san sunan dawar ba," in ji ta, "sai na sa mata na mai ita. Yau rabin unguwar nan ita suke ci."

Sai ta dafa ni tana murmushi. "Yaya Hauwan? Tana nan lafiya?"

Inna, ni na faɗa mata. Ta ajiye ƙwaryar, ta rufe fuska da mayafi, tana ta salati.

Ta cika mini buhu da iri. Na ce ya isa, ba ta ko saurare ni ba. Juma'ar da ta biyo sai ga ta a Zandam da mata cike da mota, wai sun zo ta'aziyya, duk da shekarun da suka wuce. Matan da ba su taɓa ganin fuskarki ba suka cika ɗakinki, suna yi miki addu'a da sunanki.

Allah Ya karɓi addu'arsu, Inna. Ya sa duk lomar da aka ci ta zame miki sadaka mai gudana, Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarki mai kewarki kullum,
Binta