Sabuwa Baba Ya Saya Mini, Gyararriya Suke So Su Ba Ni

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san in kika ga a kan maganar kwamfuta na rubuto za ki ce wannan kuma wace irin damuwa ce, ga mutane can suna fama da aure da ciwo. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Da kwamfutar ce kaɗai, wallahi da ban dame ki ba.

Ni ce auta a gidanmu. Babanmu direban motar haya ne, ya yi ta tuƙi har bayansa ya ce ya gaji. Tun da na yi wayo kusan komai nawa kwance ne. Kayan makaranta na yayata, takalmi nata, jakar littattafai kuwa ta yayana ce, da sunansa a ciki da biro, na yi ta gogewa ya ƙi fita. Baba yakan tsokane ni ya ce ni ce magajiyar kowa, na ci gado masu kayan suna zaune. Sai mu yi dariya. Ban taɓa riƙe abin a rai ba, ko kuma dai haka na ɗauka.

Yanzu ina aiki a wani shagon buga takardu. Daga safe zuwa yamma ina gaban wata tsohuwar kwamfuta da sai ka ƙwanƙwasa mata gefe take farkawa, ina buga wa ɗalibai ayyukansu, mai shago yana tsaye a kaina yana ƙorafin takarda na ƙarewa. Na daɗe ina burin in samu laftof tawa in riƙa karɓar aiki a gida. Ban taɓa roƙon Baba ba, ashe yana ji ina faɗa wa Mama a kicin.

Da likita ya ce sai an yi masa aiki a baya, ya sayar da motarsa. Kafin a kwantar da shi ya ja yayana suka tafi babban shagon kayan lantarki. Yayana ya ba ni labari cewa mai shagon ya fito musu da na hannu masu kyau da sauƙi, Baba ko kallonsu bai yi ba. Ya ce shi wadda ke cikin kwali yake so, wadda hannun kowa bai taɓa ba, domin Auta ta gaji da gado.

To ga inda muka yi wa kanmu. A gidanmu sabon abu ba ya buɗuwa sai Baba ne ya buɗe. Yana da 'yar wuƙa a jikin makullansa, da ita yake yanka tef ɗin kwali, ya yi addu'a, sannan ya miƙa wa mai abu. Ko fanka aka saya haka ne, ko filas. Da yake ba kullum sabo ke shigowa ba, ranar duk sai mun taru. Ranar da ya kawo kwamfutar ana ta haɗa masa kayan asibiti, sai ya ce in ɗora kwalin a saman kabad, 'yan kwanaki ne zai dawo ya buɗe mini a natse.

Bai dawo a 'yan kwanaki ba. Bayan aikin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, muka koma kwana a barandar asibiti. Yayana ya yi ta ce mini in sauke kwalin in fara aiki, ai dama don ni aka saya. Na ƙi. Anti, gani nake in na buɗe da hannuna kamar na yarda ke nan ba zai dawo ba. Kullum sai in goge ƙurar kwalin in mayar.

Da aka sallamo shi bayan watanni, abin da ya fara nunawa da hannun hagunsa shi ne saman kabad. Na sauke, na riƙe masa kwalin a kan cinyarsa. Wuƙar tana ta zamewa, ya daɗe yana fama da tef ɗin nan, ba wanda ya yi gigin taya shi. Da ya gama ya yi addu'ar da ba mu fahimci rabinta ba, muka ce amin. Na kunna ta kawo haske. Ya yi ta shafa murfinta yana dariya da rabin baki, Mama ta fice tsakar gida don kada ya ga hawayenta.

Ba a yi mako ba wani koren layi ya fito a fuskarta daga sama har ƙasa. Daga nan ta fara mutuwa da kanta ina tsakiyar aiki, ƙarshe ta ƙi tashi gaba ɗaya. Na kai ta ofishin kamfanin. Injiniyansu ya duba, ya ce ba laifina ba ne, da ciwonta ta fito daga masana'anta. Har na yi ajiyar zuciya. Sai matar da ke zaune a teburin karɓar jama'a ta duba rasit, ta ce sabuwa ana musanya ta da sabuwa ne a cikin wani ɗan wa'adi, kuma daga ranar saye ake lissafi, ba daga ranar buɗewa ba. Nawa wa'adin ya ƙare tana saman kabad. Abin da za su ba ni yanzu gyararriya ce irinta, wato wadda wani ya saya ya dawo da ita suka gyara. Na yi mata bayanin asibiti, ta saurara, ta yi mini sannu da gaske, amma ta ce ba ita ta kafa doka ba.

Sun fito mini da ita na gani. Tana aiki, tsaf take, sai dai akwai 'yar lotsawa a kusurwar murfin, kuma wajen da ake ɗora hannu ya ɗan yi sheƙi. Hannun wani ne. Na kasa sa hannu a takardarsu, na baro musu duka biyun, na yi kuka a mota har kwandasta ya ƙyale ni bai tambaye ni inda zan sauka ba. Ashe abin yana raina tun ina yarinya.

A gida na ce wa Baba na kai ta a zuba mata kayan aiki. Yayana ya ce in karɓo in ja bakina, tsoho mara lafiya ina zai gane. Zai gane, Anti. Tun da ya kwanta hannun hagun nan ya zama idonsa, komai sai ya laluba. Yayata ta ce kada in yarda, in yi musu tijara har su ji kunya. Mama kuwa abu ɗaya take maimaitawa, kada a tayar masa da jini. In kuma na gaya masa gaskiya zai tambayi dalilin da ba su ba ni sabuwa ba, amsar kuwa ita ce shi muka tsaya jira. Ta yaya zan ɗora wa mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa wannan?

Da farko kullum in na shiga sai ya yi mini alama da hannu, ina take. Yanzu ya daina. In na gaishe shi sai ya amsa ya juya fuska bango. Ban san abin da zan yi ba.

Autar Direba

*

Ƙanwata Auta, sannu. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan jinya. Damuwarki ba ƙarama ba ce, kuma ba sai kin ba kowa haƙuri kafin ki faɗe ta ba. Matsala biyu kika haɗa a kwali ɗaya, bari mu raba su.

Ta kamfani ita ce mai sauƙi. Kina da gaskiya kan cewa sabuwa aka saya, kuma su da kansu sun yarda ciwon nasu ne. Su ma suna da tasu hujjar, ba su da hanyar sanin ranar da kowa ya yanka tef a ɗakinsa, shi ya sa suke bin rasit. Matar kanta ba za ta iya canza wannan ba ko kin kwana kina kuka a gabanta, don haka tijarar da yayarki ke so ba inda za ta kai ki. Ki rubuta wa manajansu gajeren bayani cikin ladabi, ki haɗa da rasit, da rahoton injiniyansu, da takardar sallama daga asibiti, ki nemi a duba miki a matsayin lalura. Wani lokaci manya suna da ikon sassaucin da na ƙasa ba su da shi. In akwai hukumar kare haƙƙin masu saye a inda kike, ki tambaye su abin da doka ta ba ki, domin ƙa'idar kamfani ba ita ce ƙarshen magana ba a ko'ina. Amma ki sa wa kanki iyaka. Kada ki yi ta sintiri har garantin ma ya ƙare.

In suka tsaya a kan bakansu, ki karɓa, sai dai da ido buɗe. Gyararriya daga hannun kamfani ba tarkace ba ce, sau da yawa an fi tsananta mata gwaji. Ki ce ba kya son mai lotsawar, su nemo wata. Ki kunna ta a gabansu, ki gwada batir da madannai da fuskar, kuma su rubuta miki garantinta a takarda. Zan gaya miki gaskiya, mai yiwuwa a nan maganar za ta ƙare, kuma zai yi ciwo. Kin yi rashin wani abu da kika daɗe kina jira, ba laifi ki yi baƙin cikinsa.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Ban yarda da yayanki ba. Ciwo ya taɓa jikin Baba da harshensa, bai ɗauke masa hankali ba. Kin ce ya daina tambaya. Ba mantawa ya yi ba, ƙanwata. Mutumin da ya sayar da motarsa ya yi wa 'yarsa kyauta, sannan ya ga kyautar ta ɓace kowa yana kauce wa idonsa, zai ba kansa amsa, kuma amsar da zai ba kansa ta fi gaskiyar muni. Wataƙila yana zaton ba ki so ta ba. Wataƙila yana zaton kun sayar kun biya masa magani, ya zama nauyi har ya cinye abin da ya ba ki. Kuna tsoron tayar masa da jini, alhali yana kwance shi kaɗai da waɗannan tunane-tunanen ba bakin faɗa.

Ki fara shawo kan Mama, in da hali ki ji ta bakin likitansa, sannan ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta. Ki gaya masa a taƙaice cewa kwamfutar ta zo da ciwo daga masana'anta, kamfani ya amsa laifinsa, kina kan neman haƙƙinki, kuma mai yiwuwa gyararriya za su bayar. Ba dole ki fara da maganar wa'adi ba. In ya tambaya kuwa, kada ki yi masa ƙarya, kuma kada ki ce shi ya jawo, domin ba shi ba ne. Ke kika zaɓi ki jira, an ce ki buɗe kika ƙi, saboda kina so ya dawo. Ki faɗa masa haka da bakinki, ki ƙara da cewa ko yau aka maimaita haka za ki yi. Zai ji zafi, ba na musu. Amma ban san uban da zai ji 'yarsa ta yi asarar sabon abu don ta ƙi fid da rai da shi, ya kwana yana jin shi nauyi ne ba.

Maganar kamfani za ta iya jiran wani makon. Ta Baba ban san ko za ta iya ba, ke ma ba ki sani ba. Ki shiga ɗakin nan yau, ki zagaya ta gefen da ya juya fuskarsa, ki zauna.

Allah ya ba shi sauƙi, ya sanyaya miki zuciya, ya sa wa aikinki albarka.