Ƙayar da Aka Jibga a Bakin Rijiyar Tsamiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ne Hussaini ɗan Mati, mai karantarwa a zauren gabas da masallaci, a ƙauyenmu na ƙasar Gozaki. Ina rubuta wannan da hannuna a daminar shekara ta dubu da ɗari biyu da tamanin bayan Hijira. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina yana nan daram, har nakan so a ce ya ɗan gushe ko na huta da kunyar da nake ciki. Zuwa ga 'ya'yana, Abdussamad da Maiwada da Sakinatu. Da Hausa na rubuta, don kada wani ya ce bai gane ba.

Na ɗaya. Gida da gona da rumbuna Allah ya riga ya raba su. Ku kira liman ya bi shari'a, a fara fitar wa uwarku Barakatu tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas. Wannan bai dame ni ba.

Na biyu, kuma shi ne dalilin da ya sa na nemi alƙalami. Kun san lokacin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar daminar nan dawa ta tsaya a gwiwa tana murɗewa, muka fita roƙon ruwa. Maƙwabcinmu Labo, Bamaguje, shi ma ya fito da iyalinsa suka yi nasu irin na kakanninsu, suka yanka jan zakara a gindin tsamiyar da ke kusa da rijiya. Tun ina yaro suke haka, babu wanda ya taɓa ciwon kai. Bana kuwa sai awaki suka shiga faɗuwa a gari, ciki a kumbure, baki yana kumfa. Kafin a ce me, magana ta zagaye gari cewa Labo ya zuba sammu a rijiya. Aka jibga ƙaya a bakinta, aka hana matan gidansa bin hanyar. Kai kuma Abdussamad, babban ɗana, wanda na ɗora a kan buzuna, ka rubuta ƙara zuwa ga alƙalin Gozaki, ka buɗe ta da cewa daga gidan Malam Hussaini take.

Ina kwance ban san komai ba, sai da manzon alƙali ya zo duba ni. Cikin gaisuwa ya shaida mini cewa alƙali bai yi shakkar takardar ba, tunda ya san ba a fitar da magana daga gidana sai an tankaɗe ta. Ya ce da wata ya kama za a zauna, kuma in abin ya tabbata Labo zai bar ƙasar nan da iyalinsa, gero da dawarsa na tsaye a gona. Yabona mutumin yake yi, ni kuwa ji nake kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Na uku. Ku ji yadda aka bi sawun maganar, domin shi ne karatun ƙarshe da zan ba ku. Ni ba ƙafa, sai na aiki Sakinatu, wadda ta baro ɗakinta a Bakori ta zo jiyyata, ita ce kuma ke iya shiga inda namiji ba ya shiga. Na ce ta bi gida gida ta tambayi wanda ya ga Labo da idonsa yana zuba wani abu. Kowa ya ce an ce. Ta bi an ce ɗin nan har ta kai ga Hansai mai sayar da daddawa, ita kuwa ta rantse gashin zakara kawai ta gani a gindin itace, sauran a bakin mutane ta ji shi ya dawo mata. Haba Abdussamad, shekara nawa ina koya maka kada ka karɓi hadisi sai ka san wanda ya ruwaito, daga wa ya ji, kuma mai gaskiya ne ko a'a? Ashe ka ɗauka wannan ladabin na cikin littafi ne kawai, ba ya fita ƙofar zaure.

Babbar hujjarku ita ce awakin Labo sun sha ruwan rijiyar ba su mutu ba, wai ya ba su makari. To mu ma ai kafin a jibga ƙayar mun sha, mun yi alwala, an dama mini kunu da shi. Hujjar da ta wanke ruwan ita kuka juya kuka ɗaure mutum da ita, saboda kun riga kun yanke hukunci kafin ku duba. Na sa Sakinatu ta koma ta tambayi abin da awakin suka ci. Duk gidan da aka yi asara, da ciyawa ta bushe, yankan dawar nan da fari ya tsumbure aka yi aka zuba wa dabbobi a turke. Gidanmu ma haka Maiwada ya yi. Gidajen da suka ba da tsohuwar harawa da dusa ko akuya ɗaya ba su rasa ba, gidan Labo na cikinsu. Na taɓa ganin irin wannan a Maska ina saurayi, ƙaramar dawa in ta sha fari dafi ce a cikin dabba. Duk da haka ban tsaya ga tunawata ba, tunda tsufa yana ƙari yana ragi. Na sa aka zura guga ta gefen ƙayar, aka ware akuyarmu da ta rage, ba ta shan kowane ruwa sai wannan. Ga ta can tana damun mutane da kuka, ta fi ni lafiya.

Na huɗu. Maiwada, ban zarge ka da awakin ba, rashin sani ne. Amma gabar da ka ƙulla da yayanka tun da gaskiya ta fito, kowa yana tura wa ɗan'uwansa laifi, ku yanke ta yau. Ɗaya ya yanka dawa, ɗaya ya fiƙe alƙalami, babu mai abin yi wa wani gori.

Na biyar, a kan rubutu. An karanta mini kwafin takardarka, Abdussamad. Larabci ne mai daɗin kunne, ƙarshen kowane layi ya dace da na ɗan'uwansa, da waƙa ce da na yaba. Amma na saurara daga farko har ƙarshe ban ji wa ya gani ba, ban ji yaushe ba, ban ji me aka zuba ba. Ado ya rufe ramin har kai mai rubutun ba ka gan shi ba. Daga yau in za ka rubuta abin da ya shafi wani, ka faɗi abin da ka gani daban, abin da ka ji da sunan wanda ya gaya maka daban, zatonka kuma ka kira shi zato. In ka gama ka fassara wa uwarka. In ta tambaye ka me kake nufi, amsar da ka ba ta ita ce ya kamata ka rubuta tun farko.

Na shida. Littattafaina na yi hubusinsu, wato waƙafi, ga zauren karatu, ba na gado ba ne. Abdussamad ne zai riƙe gafakokin, amma ba zai kwance ko ɗaya ba sai ya je Gozaki da ƙafarsa, shi da Maiwada, sun tsaya gaban alƙali sun janye ƙarar da Hausa, a gaban jama'a, kafin wata ya kama. In na cika kafin ku tafi, kada ku fake da zaman makoki. Daga maƙabarta ku kama hanya.

Na bakwai. Daga cikin sulusin da shari'a ta bar mini, a ba Labo ƙaramin rumbun dawar bara. Ba zai goge abin da aka yi masa ba, na sani. Shekaranjiya ya zo duba ni, ya tsaya nesa da zaure don kada a ce ya kawo wani abu. Ina jin muryarsa yana tambayar jikina, na juya fuska bango na yi kamar barci ya ɗauke ni. Mutumin da muka yi kiwo tare muna yara, na kasa haɗa ido da shi.

Na takwas. Mutanen gari ba za su yarda da akuya ba, kuma ba duka za su je Gozaki ba. Don haka ranar da na cika, ku kwashe ƙayar nan da hannunku, da rana, kowa yana kallo. Ku ɗebo ruwan rijiyar tsamiya, da shi za a yi mini wanka, da shi za a dama furar masu ta'aziyya, ku ku fara sha.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya sa ku riƙe uwarku da 'yar'uwarku, kada gidan nan ya rabu biyu a bayana. Na yafe muku duk abin da ke tsakanina da ku. Na Labo kuwa ba nawa ba ne balle in yafe, ku je ku roƙe shi da kanku.