Takardar Injiniya Tana Hannunku, Ƙusarsa Tana Bangona

Daga: Matar marigayi Injiniya, ɗalibinku na ajin Asabar da Lahadi,
Gida mai kallon famfo, layin masu walda.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Makarantar Koyon Kwamfuta.

Litinin, 9 ga Maris.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA NI TAKARDAR SHAIDAR MIJINA SABODA BAI ZO DA KANSA BA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin kawo kukana gabanka. Ban wuce aji huɗu ba, takardun da na kawo kuma duk suna ofishinku, don haka abin da na riƙe a ka zan rubuta. In na kuskure wata, kwamfutarku ta gyara mini, tunda an ce ba ta mantuwa.

1. Unguwa ce ta sa wa mijina Injiniya, ba makaranta ba. Da matattun kwamfutoci ya koya, a kan teburin falonmu, farantaina cike da ƙananan noti. Shekara da shekaru yana gyaran na'urorin wurin aikinsa, har aka kawo sabon manaja ya ce hannu ba hujja ba ne, duk marar takarda za a mayar da shi sito. Abin da ya kawo muku shi ke nan da furfurarsa.

2. Ina godiya da kuka yi wata guda cur kuna koya masa yadda ake kunna kwamfuta. Allah ya saka. Amma gaskiya ɗaya ce, shi bai raina ku ba. Yakan dawo yana murna, wai ashe abubuwan da yake yi tuntuni suna da suna. Ranar da ya gama jarrabawa, cikin Agusta, ya sayo firam ɗin da zai saka takardar, ya buga ƙusa sama da talabijin.

3. Allah ya karɓi abinsa a Satumba, sakamako bai fito ba. Ƙaninsa ya zo ya shaida muku. Malamin ajinsu ya zo gida, ya zauna a tabarma, ya yi addu'a. Ke nan makaranta ta sani. Kwamfutar ce dai ba ta samu zuwa ta'aziyya ba.

4. Tun Oktoba, duk farkon wata sai saƙonku ya shigo wayarsa, wadda na kasa bari cajinta ya ƙare. Ana taya shi murna, ya ci da daraja, ya zo ya karɓa. Har babban aji kuka gayyace shi. Na wannan watan kuwa faɗa aka yi masa, wai ya yi sakaci, in bai zo ba kafin wata ya mutu za a lalata takardar. Ina ba da haƙuri a madadinsa. Da ba haka halinsa yake ba, mutum ne mai cika alkawari.

5. Da na fita takaba, wajen ƙarshen Janairu, na zo da ƙafata. Ma'aikacin rajista, mai gilashin nan, ya ciro takardar daga durowa. Na ga sunansa, na ga hotonsa da rigar da na goge masa da safen ranar da aka ɗauki hoton. Na miƙa hannu, ya janye. Ya ce ƙa'ida ce sai mai ita ya ɗora babban yatsa a na'ura. Na nuna masa takardar asibiti. Ya ce shi ya yarda, amma na'urar ba ta da wurin mamaci. Sai ya tambaye ni ko marigayin ya bar wasiƙar wakilci. Ranka ya daɗe, ban san ana yin haka ba. Da na sani, da na ce masa ya dakata ya rubuta tukuna.

Ba aiki zan nema da takardar nan ba, kujerarsa ma tuni aka ba wani. A da ni ma ban ga amfaninta ba, mutumin ya iya abinsa. Amma shi ya so ta, ya zauna a benci da sa'o'in 'ya'yansa ya same ta da guminsa.

Saboda haka ina roƙonka ka ba da umarni a miƙa mini ita kafin ƙarshen watan nan. In yatsa dole ne, ga nawa. In kuma lallai sai nasa, a ɗauko na'urar in yi muku rakiya. Ba nisa, kuma kullum yana nan, ba ya fita ko'ina.

Firam ɗin na nan a bango da hoton da ya zo da shi daga kanti, wasu mutane suna dariya a bakin ruwa. Masu zuwa gaisuwa sai su tambaya ko dangi ne. Marigayin ne ya ce kada in cire su sai takarda ta zo. Ban cire ba.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Mai jiran amsarka cikin ladabi,
Matar Injiniya