Dutsen Kabarin Mama

Yaya Hyacinth,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya mutanen Jamaika?

Kin san ni, ba wanda ya tallafe ni a nan birnin Charleston. Da wankin dawaki na fara, yau keken dokina biyu. Lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai.

Jiya na zaga da likitocin da suka zo taro har tsohuwar maƙabarta, suna ta karanta sunaye a jikin duwatsun kaburbura. Wata ta ce, "Direba, kai ina naka suke kwance?" Sai na ce doki na jin ƙishirwa.

Na ji za ku kafa wa Mama dutse, da sunayen 'ya'yan da suka binne ta. Ban zo ba, na sani. Amma ni ne autanta. A sassaƙa sunana, Linval, ƙasan naki.

Ƙaninki