Ƙaiƙayi Kuka Yanka wa Haraji

Zuwa ga Mai Girma Jami'i Mai Tsara Harajin 'Yan Kasuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni uwa ce daga Kamarawa a ƙasar Isa. Ɗana Sanusi yana sayar da hatsi a kasuwa.

Na farko. Bara da bana ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Jarin Sanusi ya ƙare wajen ciyar da gidanmu da na ƙanen mahaifinsa. Don kada masu ba shi kaya su guje shi, sai ya cika buhuna da ƙaiƙayi ya jera a bakin rumfa. Buhun da yake awo a ciki kaɗai ne na gaske. Ban yaba masa ba. Na gaya masa katanga ɗaya ce tsakanin rufin asiri da yaudara.

Na biyu. Ma'aikacinku ya zo. Bai tambayi ciniki ba, bai ɗaga ko buhu ɗaya ya ji nauyinsa ba. Ya duba da ido, ya yanka masa harajin babban dillali.

Na uku. Da Sanusi ya kai kuka, aka ce ya kawo hujja. Hujjarsa ɗaya ce, ya farke buhunan a idon kasuwa. In ya farke, babu mai sake ba shi kaya. In ya yi shiru, za a rufe rumfar, gida biyu su kwana da yunwa.

Ranka ya daɗe, ban ƙi haraji ba. Da shi aka gina makarantar da na yi. Amma Allah da Ya wajabta zakka bai ɗora ta ba sai amfani ya kai nisabi. Ina naku nisabin a shekarar fari? Ku da za ku tsaya gabansa kun fi Shi iko ne?

Roƙona shi ne a yanka haraji kan abin da mutum ya samu. Wanda samunsa bai wuce abincin gidansa ba a ɗaga masa ƙafa har damina ta gyaru. A kuma saurari mai ƙorafi a ɗaki, ba a bainar jama'a ba.

Ka turo mutum bayan kasuwa ta tashi. Ni za ni kwance masa bakin buhun da hannuna, sannan in sa Sanusi ya zubar da sauran. Laifin ɗana ni za ni hukunta. Na ma'aikacinku kuwa, kai ne ubansa.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya rufa maka asiri, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.
Mahaifiyar Sanusi, Kamarawa.