Sai Rachel Ta Ci

Zuru, watan Nuwamba

Ƙanwata Rachel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata hoton wannan takarda zai same ki da rai da lafiya a can Gazan da kika zaɓa. Mu nan an fara yankan dawa, Kawu Mika ma ya zo daga Mahuta ya taya mu.

Kowa lafiya ban da Mama. Kin san halinta tun muna yara, ba ta sa loma a baki sai kowane ɗa nata ya ci. To, tsohuwar nan ta dawo da dokarta. Tun da ta ji a rediyo cewa yunwa ta kama mutanen Gaza, in na kai mata tuwo sai ta ce, "Rachel ta ci?" In babu saƙonki a ranar, sai ta kife kwano ta sha ruwa. Ni da na surfa, na kai niƙa, na tuƙa, na zauna na ci a gabanta, cina bai isa komai ba.

Ba zan ɓoye miki ba, haushinki nake ji. Ni ke wanke mata ƙafa, ni ke riƙe hannunta zuwa coci, amma in an tashi addu'a sunanki ake kira. Matan zumuntar coci har waƙa suka yi miki. Wato sai mutum ya zama nas ya tafi inda bama-bamai ke sauka kafin a san an haife shi? Ki taimaka ki riƙa turo kalma biyu kullum: na ci.

Yayarki,
Saloma

Khan Yunis

Yaya Saloma,

Na gaishe ki da kyau, a gaida Mama da Kawu Mika. Takardarki ta shigo yau da na hau rufin asibiti neman netwok. Wani lokaci sai a yi kwanaki shiru, cajin waya ma sai an bi layi wurin mai sola. Don haka "kullum" ɗin nan ya fi ƙarfina.

Mu ma'aikata ana ba mu ɗan abincin gwangwani, amma yaya za ki buɗe gwangwani yara na leƙen ki ta taga? Akwai wata mata, Ummu Halil, mai share mana ɗakin majinyata. Gidansu ya rushe, tana zaune a tanti bayan asibiti da 'ya'yanta. Da fulawa ta ƙare sai ta niƙa hatsin dabbobi, ta gina murhu da laka, tana gasa gurasa da katakon ƙofar gidansu. Miyarsu wani ganye ne mai fitowa a kango, yana kama da lalo. Duk da haka sai ta ajiye mini ɓari. Ta ce in riƙa ce mata Yamma, wato Mama a bakinsu. Ki gaya wa Mama ina da mai kula da ni.

Kina kishin addu'ar coci, Yaya? Ni kuwa ƙafar nan da kike wankewa nake kishi.

Taki,
Rachel

Zuru, watan Disamba

Rachel,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Na karanta wa Mama takardarki, maimakon hankalinta ya kwanta sai ya ƙara tashi. Ta ce, "Wace ce wagga mata da za ta ci da ɗiyata, ni ina nan da rumbu cike?" Wuni ta yi tana mita. Na ce madalla, ke uwa biyu, ni ɗayar ma ba ta ganina.

Na gwada ƙarya, na ce kin turo kin ci. Ta ce in miƙo wayar. Ba ta karatu, amma ta san yadda hotonki ke hawa sama a wayar in kin turo saƙo. Ranar Lahadi ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar coci. An ƙara mata ruwa, likita ya ce yunwa ce. Yunwa, Rachel, a gidan da kaji ma sun ƙoshi da sabuwar dawa! Zaninta yanzu sai ta naɗa shi biyu. In ta mutu a hannuna za ta mutu, ni zan yi wahalar biso, sannan garin nan ya ce kewarki ce ta kashe ta.

Ko ki dawo, ko ki gaya mini yadda zan yi.

Saloma

Khan Yunis

Yayata,

Ina gaisuwa, sannu da jinya. Na yi kuka da na karanta. Dawowa ba ta yiwuwa yanzu, hanyar fita a rufe take.

Mu ma an yi mana rashi. Halil, babban ɗan Yamma, ya tafi inda motocin agaji ke sauke fulawa, sai a keken jaki aka dawo da shi. Ni na rufe masa ido. Tun daga nan Yamma ta daina ci. Ta gasa ta raba, in an tambaye ta ta ce ta riga ta ci.

Tana da 'ya, Nur, wadda ke jami'a kafin yaƙi. Ita ke bin layin ruwa, ita ke tsinto itace a ɓaraguzai, kuma bakinta irin naki ne. Jiya ta ɗora gurasarta a gwiwa ta ce, "Halil ya tafi, Yamma. Ni da nake nan fa? Wallahi ba zan ci ba sai kin gutsura." Haka ta zauna tun hantsi, ƙannenta na kallon gurasar, jirage na ta shawagi a kanmu. Da la'asar Yamma ta fizge gurasar, ta gatsa tana kuka, ta tura mata sauran a baki.

Ban ce ki yi haka ba. Na dai san kin fi Nur taurin kai.

Ki yi mini addu'a, ko a coci ko a madafa.

Ƙanwarki,
Rachel

Zuru

Rachel,

Ina gaishe ki. Na kife kwanona kusa da na Mama. Da farko ta ce shirme ne, zan gaji. Aka wuni, aka kwana, aka sake wuni. Da na tashi ɗebo ruwa jiri ya kwashe ni, na zube a gindin randa. Ina buɗe ido na gan ta a bakin murhu tana dama kunu. Ta ce, "Sha, Saloma." Na ce sai ta sha. Ta zage ni tas da yarenmu na C'lela, ta kurɓa, ta sake kurɓa, sannan ta tallafe kaina ta ba ni.

Ba ta tambayi ko kin ci ba. Allah ya gafarta mini, na ji daɗi ƙwarai.

Yanzu tare muke ci a kwano ɗaya. Ta ce ki yi wa Ummu Halil gaisuwar rashi, ki ce ta gode da riƙon ɗiya.

Sai dai tun waccan takardar hotonki bai sake hawa sama ba. Ki turo mini ko da zagi ne.

Yayarki,
Saloma