Tulun Baba da Faifan Fasto

Koza, farkon watan Maris

Zuwa ga Yayata Danagai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma zafin Garwa bai ƙarasa gasa ku ba. Mu nan da godiya, sai dai jikin 'yarki Sefora. Zazzaɓin ya ƙi sauka, ƙafafunta sun kumbura, ko kunu sai uwarta, matata Rebeka, ta yi ta lallashi kafin ta haɗiye.

Baffa Zogoi ya sauko daga kan dutse takanas. Wai tulun Baba, wanda ake ajiye wa kurwar mamaci a al'adarmu, shi ne yake fushi, don tun da muka binne shi ban zuba masa giyar dawa ba, alhali ni ne babban ɗa namiji. Na ce masa ni Kirista ne. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "To kai ɗan wane ne? Farin zanen nan da kake tsayawa gefensa kana zuba surutu, shi ya haife ka?"

Aikina na ranar Asabar yake nufi. Har yanzu Fasto yana rataya zanen a bangon majami'a da yamma, ya kunna fim na Faransanci, ni kuma ina juya maganar kowa zuwa harshenmu na Mafa a lasifika, har da muryar mata da kike yi mini dariya a kanta. Wanda jama'a suka fi so shi ne na wani masunci mai bin Yesu da ɗansa ya kwanta ciwo. Faifan fim ɗin ya goge, kullum sai ya tsaya daidai inda uban ya durƙusa a bakin gado yana addu'a. Sai in ƙarasa musu da baki: yaro ya tashi, ya nemi abinci. Mata su yi ta guɗa. To ina labarin mai bi zai ƙare in ba nan ba?

A kan wannan na tsaya, Yaya. Wanda ya ta da ɗan masunci zai ta da Sefora, ba zan taɓa tulun nan ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Filimon Hawadak

Koza, ƙarshen watan Maris

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ki da dukan mutanen gida, da fatan kuna lafiya. Maganin da kika aiko ya iso, Allah ya saka. Likita yana iya ƙoƙarinsa, amma yarinya sai ƙara ramewa take yi.

Fasto ya samo sabon faifai daga Marwa, bai ko duba ba ya kunna shi gaban jama'a. Baffa yana can baya a kan dutse da sandarsa, wai ya zo ya ga uban nawa. Aka zo wurin gadon, hoto bai tsaya ba. Uban ya gama addu'a, ya ɗago, ya taɓa goshin yaron. Yaya, yaron ya mutu.

Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Filimon, ba haka ka gaya mana ba!" Na so in ajiye lasifikar in gudu. Amma masuncin yana magana a bakin kabari, kuma ban da ni ba mai juya musu. Sai na ji bakina yana faɗi da harshenmu: "Ya Uba, da safe ni ɗanka ne, yanzu ma ni ɗanka ne. Ban gane ba, amma ba ni da wani gida sai hannunka." Na yi shekaru ina aron muryar mutane, ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi a baki irin wannan ba.

Da aka watse Baffa ya tare ni, ya ce, "Ka ga dai, nasu ma mutuwa suke yi. Gobe ka hau dutse ka zuba wa tulun giya, yaro, kada taurin kai ya ci maka 'ya." Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa cike da hawaye. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Da safe har na sa takalmi, sai na zauna na tambayi kaina: Allah na bi, ko kuwa ƙarshen da na ƙirƙira wa fim? Na cire takalmin na koma wurin Sefora.

Naki,
Filimon

Koza, watan Afrilu

Yaya Danagai,

Ina gaishe ki. Na san saƙo ya riga ya same ki, amma ina so ki ji daga hannuna. Sefora ta tafi ranar Talata da hantsi, kanta a kan cinyata. Zuciyata ta karye, Yaya.

A wurin makoki wasu ba su ba ni hannu ba. Na ji ana cewa da na zuba giyar nan da tana raye. Baffa ne ya haƙa kabarin da kansa, duk da tsufansa. Da aka rufe, ya sake tambayata a hankali ko yanzu zan karɓi tulun, saboda ƙanin Sefora da ya rage mana. Na ce, "Baffa, ni ɗan ɗan'uwanka ne har abada, kuma ina ƙaunarka. Amma ni da yaran nan a hannun Allah muke, ko ya bar mini su ko ya karɓa." Ya girgiza kai ya hau dutsensa.

Ki zo in kin sami hali, Rebeka ba ta cin abinci. Tun ranar ba ta yi magana ba sai jiya, da ta ce in roƙi Fasto ya kunna mata fim ɗin ita kaɗai, ni in juya mata. Na tambaye ta dalili. Ta ce an gaya mata uwar yaron ta miƙe daga bakin kabarin ta tafi gida, ita kuma tana so ta ga yadda ake miƙewa.

Gobe zan kai ta. Ki roƙa mini Ubangiji ya riƙe mini muryata har ƙarshe.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Filimon Hawadak